APD, PIN, PMT ko SiPM: wane ido ya dace da na'urarka ta auna haske?

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke sa fanka ta koma kamar bakin murhu, wani ɗalibinmu mai neman digiri na biyu ya shigo ɗakin gwaji da takardar kasafi a hannu. Yana son ƙera 'yar na'urar da za ta auna yawan gansakuka a ruwan gulbi wajen Argungu. Dabarar sananniya ce: ka haska ruwan da shuɗin haske, sinadarin kulorofil da ke cikin gansakukar ya mayar maka da jan haske mai rauni, a tsawon zangon haske kusan nanomita 685 (ma'aunin da ke bambance launi da launi), sai ka auna wannan jan. A jerin kayan da zai saya, APD ɗaya, wani irin idon auna haske, da akwatin wutarta sun cinye fiye da rabin kuɗin.

Ya ce, "Malam, na karanta ita ta fi jin haske. Mi za ya hana mu sai wagga?"

Na ce, "Samari, zauna tukuna. Hasken naka yaya rauninsa yake, kuma cikin wane sauri yake zuwa ya wuce?" Ya amsa tambayar farko da ƙyar, ta biyu kuwa bai taɓa tunaninta ba. Alhali a kan ta biyun ne duk maganar APD ta rataya.

APD gajarta ce ta sunan wata fotodayod, wato 'yar ƙwayar silikon mai mayar da haske zuwa wutar lantarki, wadda ni nake kira mai zaftarewa. A fotodayod ta yau da kullum, irin wadda ake kira PIN, ƙwayar haske ɗaya, foton, tana kuɓutar da ilektiron ɗaya, shi ke nan. A APD ana ɗora mata bolt mai yawa ta baya, har ilektiron ɗin da ya kuɓuta ya sami gudun da zai bangaji wani ya fito, su biyun su bangaji wasu. Duk wanda ya taɓa ganin gaɓar kwazazzabo tana zaftarewa da damina, dunƙule ɗaya ya jawo ɗari, ya ga hoton abin. Yawan da ilektiron ɗaya ke komawa shi ne ninki. A APD ta silikon yawanci ana aiki da ninki tsakanin 50 zuwa 'yan ɗaruruwa, da wuta daga bolt 100 zuwa 400 gwargwadon ƙirarta. An fi danganta ƙirƙirarta ga masanin Japan Jun-ichi Nishizawa a 1952.

Abin da ɗalibin ya fahimta shi ne, tunda tana ninka sigina sau ɗari, to ta fi jin haske sau ɗari. Ba haka ba ne. Wajen kama foton, PIN da APD kusan kunnen doki suke: silikon mai kyau na kama kashi 80 ko fiye cikin ɗari na jan hasken da ya faɗa masa. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya, amfilifayar, wato da'irar da za ta karanta 'yar wutar ta ƙara mata ƙarfi. Kowace amfilifaya tana da hayaniyarta, wato 'yar rawar wuta da ke gauraya da sigina, kuma babban tushen hayaniyar shi ne rasistar da wutar ke ratsawa don ta zama bolt ɗin da za a iya aunawa. Rasista mai girma hayaniyarta kaɗan ce amma tana da nawa. Ƙarama tana da sauri amma ga surutu.

Bari mu sa lamba. Hasken fikowat ɗaya, kashi ɗaya cikin tiriliyan na wat, a ja, ya kai foton miliyan uku da ɗoriya a daƙiƙa. PIN za ta mayar da shi wutar kusan rabin fikoamfiya. Idan ka bi da ita ta rasista mai om biliyan ɗaya, kuma kana da haƙurin jiran kamar daƙiƙa ɗaya kafin ka karanta, hayaniyar rasistar ba ta wuce femtoamfiya 4 ba, wato kashi 4 cikin dubu na fikoamfiya. Siginarka ta fi hayaniya sau ɗari, ba tare da ninki ko ɗaya ba. Yanzu ka ce hasken walƙiya ce ta nanodaƙiƙa 10, irin ta lesa da aka harba sama ta dawo. Dole amfilifaya ta iya bin canji sau miliyan 50 a daƙiƙa, dole rasista ta sauko zuwa wajen om 10,000, sai hayaniya ta haura zuwa kusan nanoamfiya 9, wato ta ƙaru fiye da sau miliyan biyu. A nan PIN ta makance ga duk abin da bai kai nanowat 20 ba. Nan ne APD ke cin kasuwarta, domin tana ninka siginar tun a cikin silikon, kafin ta isa inda surutun yake.

Saboda haka abin da kuɗin APD ke saya maka shi ne ganin haske mai rauni a guje. Gansakukar Argungu ba ta gudu. Za ta zauna cikin kwalba har ka gama shan shayi.

Kuma ninkin ba kyauta ba ne. Zaftarewa ba ta da lissafi: wannan ilektiron ya haifi 60, na bayansa ya haifi 150, matsakaici dai 100. Wannan tangal-tangal ɗin ƙarin hayaniya ne, kuma Robert McIntyre ya fitar da lissafinsa tun 1966. A silikon mai kyau, a ninki 100, ma'aunin wannan ƙarin hayaniya kusan 4 ne. Ma'anarsa a aikace: idan hasken ya riga ya yi yawan da hayaniyar amfilifaya ba ta dame shi ba, APD za ta ba ka ma'aunin da ya fi na PIN ƙazanta kusan sau biyu. Haka nan idan hasken rana yana kutsowa cikin na'urar, kamar yadda zai yi wa duk mai aiki a fili a ƙasar nan, APD na ninka ranar tare da siginarka, ba ta san ɗa da bawa ba. Shi ya sa kowace APD take da ninkin da ya fi dacewa da aikin da ke gabanta, in ka wuce shi kana ƙara bolt, hayaniya kake ƙarawa. Na sha ganin masu murɗa wuta har ƙarshe suna murna lamba ta hau, ba su lura rawar lambar ta fi hawanta ba.

Sai babbar magana, wadda takardun kamfanoni ke rubutawa da ƙananan haruffa, mu kuwa ya kamata mu rubuta ta a bango: zafi. Idan silikon ya ɗumama, ƙwayoyin jikinsa na ƙara karkarwa, ilektiron na yin karo da su yana zubar da ƙarfi kafin ya tara gudun bangaza. Ninki sai ya faɗi. Nawa yake faɗi? Akwai misalin da aka auna da kyau. A na'urar CMS da ke cibiyar CERN kusa da Janiba, ɗaya daga cikin biyun da suka gano ƙwayar Higgs a 2012, akwai sandunan kiristal 61,200 a tsakiyar ma'aunin makamashinta, kowanne da APD biyu a bayansa, jimla 122,400, ƙirar kamfanin Hamamatsu. Ana tafiyar da su a ninki 50. Ninkinsu na raguwa da kusan kashi 2.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi, yana kuma ƙaruwa da kusan kashi 3 a kowane bolt ɗaya. Don haka ake riƙe wurin a digiri 18, ba a bari ya gusa fiye da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na digiri ɗaya, da ruwan sanyi mai zagayawa.

Yanzu ɗauko irin wannan APD ka ajiye a ɗakin gwaji a Aliero ko Ƙauran Namoda, inda tsakanin hantsi da la'asar ɗaki kan canja da digiri 10 idan wuta ta ɗauke iyakwandishan ya tsaya. Karatunka zai sauka da fiye da kashi 20 cikin ɗari alhali samfurin bai canja ba. Ni kaina na taɓa cin wannan duka. Mako guda ina ganin sigina na raguwa kullum bayan azahar, har na fara tsara bayanin kimiyyar da zai fassara abin, sai wani tsohon ma'aikacin ɗakin ya liƙa ma'aunin zafi a jikin akwatin. Layin zafi da layin siginata suka fito kamar mutum da inuwarsa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, kuma lokacin hunturu yake zuwa. Kowace APD tana da matakin ɓallewa, bolt ɗin da in an kai shi zaftarewar ba ta tsayawa da kanta. Wannan mataki yana hawa da zafi, yana sauka da sanyi. A wasu ƙananan APD na silikon sauyin ya kai wajen bolt 0.65 a kowane digiri, a wasu ma ya fi. Ka saita wuta dab da matakin da rana tsaka, ka bar na'ura a kunne, asubahin Janairu sanyi ya sauko da digiri 20, matakin ya sauko da bolt 13 ya wuce ƙarƙashin saitinka. Idan babu rasistar da ke tare wuce gona da iri, da safe gawa za ka tarar.

Magani akwai, iri uku. Na farko, a sa ma'aunin zafi kusa da ita, wutar ta riƙa bin zafin tana hawa da sauka, kuma haka yawancin akwatunan APD da ake sayarwa a haɗe suke yi. Na biyu, a ɗora ta a kan farantin Peltier, mai sanyayawa da lantarki, a tsayar da zafinta wuri ɗaya. Wannan ya fi kyau amma yana shan batir, kuma a watan Agusta, da iska ta jiƙe, in ka sanyaya ta ƙasa da kima raɓa za ta kwanta a tagarta, ga bolt 200 a gefe. Na uku, wanda na fi so don arha ne, a dasa 'yar fitilar LED a ciki mai walƙawa da ƙarfi sananne lokaci zuwa lokaci, a riƙa gyara karatu da ita. Duk wanda zai sayi APD tsirara ba tare da ya tanadi ɗaya daga cikin ukun nan ba, kifi a ruwa ya saya. Ita ma wutar dole ta zama tsabtatacciya: tunda bolt ɗaya na motsa ninki da kashi 3, rawar da janareto ko inbata mai arha ke sawa a layi za ta fito ɓaro-ɓaro a sakamakonka. Batir da mai daidaita wuta na kirki ba ado ba ne a nan.

PIN ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan rigingimu. Irin su BPW34 ba su kai dala biyu ba, suna aiki da 'yan bolt ko ma babu, jin haskensu a ja da kore kusan bai damu da zafi ba, kuma karatunsu na tafiya daidai da ƙarfin haske tun daga mai rauni ƙwarai har mai ƙarfi. Na'urorin auna hasken rana na tsarin AERONET, wanda ke da tasha a Ilorin tun ƙarshen shekarun 1990 tana bin ƙurar hunturu, da fotodayod marasa ninki suke aiki, don rana ba ta buƙatar a ninka ta, abin da ake nema shi ne ma'aunin da ba ya gusawa shekara da shekaru. Raunin PIN a wurinmu yana kan allon da aka dasa ta. Rasista mai om biliyan ba ta jure datti: ƙurar hunturu ta kwanta, laimar damina ta jiƙa ta, sai wuta ta sami ɓarauniyar hanya ta saman allo. A wanke allon da barasar gwaji, a zagaye ƙafar shiga da zoben kariya, a rufe cikin akwatin ƙarfe da 'yar jakar shan laima. Sannan a haɗa da dabarar kunna hasken da kashe shi sau ɗaruruwa a daƙiƙa, a karanta abin da ke rawa da wannan kiɗa kaɗai. Da wannan, hasken ɗaki da gurnanin wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa duk sai su zube.

To idan hasken ya yi raunin da har PIN mai haƙuri ta gaza fa, 'yan dubban foton a daƙiƙa ko ƙasa da haka? Nan ma ba APD ta yau da kullum ce amsa ba, don ninki 100 bai isa ya ɗaga foton ɗaya sama da hayaniya ba. Nan fagen PMT ne, da 'yan zamanin da suka zo ƙwace mata kasuwa.

PMT bututun gilashi ne da aka zuƙe wa iska, fasahar shekarun 1930 wadda har yau ba a yi mata ritaya ba. Foton ya bugi fuskar ciki ya fitar da ilektiron, shi kuma ya bi jerin faranti kamar goma yana ninkuwa a kowanne, har ya kai miliyan ɗaya zuwa goma. Ninkinta ya fi na APD tsabta nesa ba kusa ba, kuma fuskarta na iya zama mai faɗin tafin hannu ko fiye alhali ƙaryar da take yi cikin duhu kaɗan ce. A shuɗi da hasken da ke bayan shuɗi wanda ido ba ya gani, gida take. A ja kuwa tana rauni, kuma ko a shuɗin, irin da aka saba da ita kusan kashi 25 cikin ɗari na foton take kamawa. Tana son bolt wajen 1,000. Maganaɗisu na karkatar da ita, wanda shi ne dalilin da ya sa CMS, mai filin maganaɗisu na tesla 3.8, ta koma ga APD. Idan ka buɗe ta ga hasken ɗaki tana kunne, ka iya lalata ta. Kuma gilashi ce. A Nuwamban 2001, a na'urar Super-Kamiokande ta Japan, bututu ɗaya ya fashe a ƙarƙashin ruwa, girgizarsa ta bi ta fasa fiye da 6,000 cikin kusan 11,000. Mu namu haɗarin bai kai nan ba, ramin hanya ne da bayan a-kori-kura.

Ga mutanen Zamfara akwai dalilin da zai sa a san PMT da kyau. Tun annobar gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sannan Bagega, wadda ta kashe yara fiye da 400, auna dalma a ƙasa da ruwa da hatsi ya zama aikin da ɗalibai da yawa ke ɗauka. Na'urar da aka saba da ita a ɗakin gwaji tana duba yadda tururin dalma ke shanye haske a nanomita 283.3 ko 217. Wannan can bayan shuɗi ne, inda APD ta silikon ta gama-gari, wadda aka ƙera don ja, ba ta da kataɓus. Tsofaffin na'urorin nan yawanci PMT ce a cikinsu, irin su R928 mai gani daga nanomita 185 zuwa 900. Idan taka ta raunana, ka nemo irinta ka maye, kada wani ya ruɗe ka da cewa APD ta fi zamani. Su kuwa na'urorin hannu masu kama da bindiga da aka yi amfani da su wajen tantance ƙasar gidajen da aka share, da hasken eksire suke aiki, kuma idonsu wani nau'in silikon ne dabam marar zaftarewa.

'Yan zamanin kuwa daga jikin APD suka fito. Idan da gangan ka ɗora wuta sama da matakin ɓallewa, foton ɗaya tak zai kunna zaftarewa gaba ɗaya, sai wata da'ira ta kashe ta ta sake ɗana tarkon. Wannan ita ce SPAD, mai ƙirga foton ɗaya-ɗaya. Akwatunan da ake sayarwa na irinta, masu sanyaya kansu, suna kama wajen kashi 65 zuwa 70 na jan haske, wanda PMT ba ta ko kusa, kuma ƙaryar duhunsu na iya sauka zuwa 'yan gomomi a daƙiƙa. Amma idon nasu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, bayan kowane foton suna suma na wasu nanodaƙiƙa 20 ko fiye, kuma farashinsu dubban daloli ne. Sai mai aikin da haskensa ke fitowa daga ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, ko daga bakin zaren gilashi.

SiPM kuwa dubban irin waɗannan tarkuna ne ƙanana aka jera a fuska ɗaya, dabarar da ta taso daga masanan Rasha a shekarun 1990. Mai faɗin milimita 3 da 3, da ɗakuna masu maikuromita 50, tana da ɗaki 3,600. Ninkinta ya kai na PMT, kusan miliyan, amma da bolt 25 zuwa 60 kacal. Ba ta tsoron maganaɗisu, ba ta fashewa, hasken ɗaki ba ya kashe ta, a shuɗi tana kama kashi 40 zuwa 50, kuma 'yan gomomin daloli ne. A ganina ita ce ta fi cancantar ɗalibanmu su fara dubawa kafin APD a mafi yawan ayyuka masu rauni. Laifinta biyu. Tana da surutu cikin duhu, dubban gomomi har ɗaruruwan dubbai na bugun ƙarya a daƙiƙa a kowace milimita murabba'i, kuma adadin na ninkuwa biyu da kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10, don haka abin da takarda ta rubuta a digiri 25 ka ninka shi uku ko huɗu a Afrilunmu. Sannan ɗakunanta ƙidayayyu ne: idan foton dubu goma suka zo lokaci ɗaya, ɗaki 3,600 ne kawai zai amsa, karatu ya lanƙwashe. Ita ma matakin ɓallewarta na bin zafi, sai dai da milibolt ashirin zuwa hamsin da ɗoriya a digiri, abin da ƙaramar kwamfutar Arduino za ta iya bi cikin sauƙi.

Inda SiPM ta fi burge ni shi ne aikin auna tiririn nukiliya na ƙasa a wuraren haƙar zinariya, wanda shi ma ya zama ruwan dare a ayyukan digiri. Kiristal na sodiyom ayodaid, idan hasken gamma ya buge shi, yana walƙa shuɗi a nanomita 415, wajen foton 38 a kowane kilo-ilektironbolt. Gammar fotasiyom-40, mai kilo-ilektironbolt 1,460, ta ba da dubban gomomin foton cikin ƙasa da maikurodaƙiƙa ɗaya. Walƙiya irin wannan ta fi ƙarfin surutun duhun SiPM, don haka laifinta na farko ya faɗi. Ga babban kiristal mai inci 3 a kan teburi, PMT ce har yanzu, saboda faɗin fuska. Ga 'yar na'urar da za a saka a jaka a hau babur da ita, ƙaramin kiristal da SiPM. Haka nan mai son gano gubar afulatoksin a masara ko gyaɗa, wadda ke ƙyallin shuɗi wajen nanomita 430 idan an haska ta da 365, tsakanin waɗannan biyun zai zaɓa. APD ba ta cikin zancen.

To ina APD ta yau da kullum ta rage? Tana da fili, kuma a cikinsa babu mai ja da ita: haske ja ko na ƙasa da ja, mai zuwa a guje, wanda ya fi ƙarfin a ƙirga shi ɗaya-ɗaya amma bai kai PIN ta gan shi ba, musamman idan ƙarfinsa na canjawa daga kaɗan zuwa mai yawa ƙwarai. Na'urar auna tsayin gajimare da ake girkawa a filayen jirgin sama, irin CL31 ta kamfanin Vaisala, tana harba lesa mai nanomita 910 sama, APD ta silikon ke karɓar abin da ya dawo. A wannan zango PMT ta saba kusan makauniya ce, SiPM kuma kasonta ya faɗi ƙwarai, ga hasken rana na cika mata ɗakuna. Irin wannan na'ura na iya nuna a wane tsayi ƙurar hunturu, mai tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, take shimfiɗe a saman Gusau, domin kowace maikurodaƙiƙa ɗaya ta jinkirin dawowar haske mita 150 ce ta tsayi. Na'urorin auna nisa masu lesar 905 su ma nan suke. A asibiti, na'urorin ƙirga ƙwayoyin jini masu bi ta gaban lesa ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda ake ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 da su, da can PMT ce a cikinsu, amma sababbi irin CytoFLEX sun koma APD, don ƙwayar na wucewa cikin 'yan maikurodaƙiƙa kuma wasu daga cikin rinin da ake sa mata ja suke bayarwa.

Bayan nanomita 1,100 silikon ya zama kamar gilashi, haske na ratsa shi ya wuce. Daga nan sai InGaAs, haɗin indiyom, galiyom da asenik, mai gani har wajen 1,700. APD ɗinta ninkinta 10 zuwa 40 ne kawai, kuma ko a ninki 10 ƙarin hayaniyarta ya fi na silikon a ninki 100. Duk da haka ita ce a cikin na'urar da masu gyaran wayar intanet ta gilashi ke gano inda zare ya karye da ita, a 1,310 da 1,550, don babu wata mai sauri da arha a can. Mai auna laimar shinkafa ta shanyewar haske a 1,450, ko iskar mitan da fadamun shinkafa ke fitarwa a 1,653 cikin gajeren bututu, InGaAs marar ninki ta ishe shi, tunda shi ke riƙe da fitilar.

Abu ɗaya da masu saye ke mantawa: girman ido. APD masu sauri yawanci faɗinsu daga kashi biyu cikin goma na milimita ne zuwa milimita ɗaya. Manya akwai, amma tsada da hayaniya na hawa tare da faɗi. Hasken lesa ana iya tattara shi a ɗigo. Ƙyallin ruwa cikin kwalba kuwa ta ko'ina yake fita, ba ruwan tabarau da zai matse shi cikin rabin milimita ba tare da an zubar da mafi yawansa ba. PIN mai faɗin milimita 3 ko 10 za ta kwashi hasken da ya ninka na 'yar APD sau gomomi ko ɗaruruwa, ninkin da ba ya zuwa da hayaniyar zaftarewa kuma bai san zafi ba.

Wannan lissafin na ƙarshe shi ya gamsar da ɗalibin. Muka soke APD daga kasafi. Ya sayi PIN mai faɗi, amfilifaya mai ƙarancin yoyo, rasista mai om miliyan 100, da LED shuɗiya da yake kunnawa da kashewa sau 370 a daƙiƙa, lambar da aka zaɓa don kada ta faɗa kan ninke-ninken bugu 50 na wutar gari. Mafi yawan kuɗin da ya ragu ya tafi ga matatar haske mai barin jan 685 kaɗai ya wuce, domin abokin gabarsa na gaskiya shuɗin fitilarsa ne da ke watsuwa daga lakar ruwan, kuma ruwan gulbi da damina laka ce zalla. Ragowar ya sayi batir da akwatin ƙarfe.

Takardar bayanan APD ɗin tana nan a aljihun teburina. Wata abokiyar aikinmu daga sashen nazarin yanayi ta zo kwanan baya tana tambaya ko za a iya harhaɗa ƙaramar na'urar lesa da za ta leƙa ƙurar hunturu daga rufin gini. Na miƙa mata takardar, na ce, "Malama, ke taki ce wannan. Amma kafin ki yi odar ta, ki rataya ma'aunin zafi a kan rufin nan mako guda, dare da rana, ki kawo mu ga lambobin."